Tambuwal: gwanin majalisa da ƙuri'a 342 ta cece shi a gida

Duk wanda zai auna Aminu Waziri Tambuwal, to ya fara daga watan Yunin 2011. Jam'iyyar PDP ta riga ta ware kujerar kakakin Majalisar Wakilai ga Kudu maso Yamma, fadar Shugaba Jonathan kuma tana bayan Mulikat Akande-Adeola. Sai ga ɗan majalisa mai wakiltar Kebbe da Tambuwal ya bi takwarorinsa ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan adawa, ya tashi da ƙuri'a 252, ita kuwa 90. Jam'iyyarsa ba ta so ba, amma dole ta haɗiye.

A nan ne gwanintarsa take. Lauya ne da ya fito daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1991, ya shiga majalisa a 2003 ƙarƙashin ANPP kafin daga baya ya koma PDP, ya laƙanci dokokin zaure da halin mutanen da ke cikinsa. Da ya sauya sheƙa zuwa APC a Oktoban 2014, aka janye masa masu tsaro, 'yan sanda suka tare ƙofar majalisa, har 'yan majalisa suka riƙa haura katanga. Bai sauka ba sai da wa'adinsa ya cika. Majalisa ba ta cika samun kakakin da ya iya ce wa fadar shugaban ƙasa a'a irin haka ba, kuma wannan yabo ne da ko abokan hamayyarsa ba su isa su ƙwace masa ba.

Sai dai fa zauren Abuja daban, rumfar zaɓe daban. Ya zama gwamnan Sakkwato a 2015 cikin guguwar Buhari, ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, sannan ya koma PDP a 2018. A zaɓen 2019, bayan zagaye na biyu, tazarar da ke tsakaninsa da tsohon mataimakinsa Ahmed Aliyu ƙuri'a 342 ce kacal. Gwamna mai ci, a jiha mai ƙananan hukumomi 23! Magoya bayansa za su ce ai da tsohon gwamna Aliyu Wamakko da ƙarfin gwamnatin tarayya ya kara, kuma haka ne. Amma manomin albasa ba ya lissafin wanda ya iya ƙulla ƙawance a Abuja. Taki yake tambaya, da hanya, da ko zai kwana a gidansa ba tare da fargabar 'yan bindiga ba.

Shi ya sa nake ganin komawarsa majalisa a 2023, a matsayin sanatan Sakkwato ta Kudu, ita ta fi dacewa da baiwarsa, ko da yake a shekarar PDP ta rasa gidan gwamnati ga Ahmed Aliyu ɗin. Abin da mutanen Yabo, Shagari, Boɗinga da Tureta ya kamata su matsa masa a kai shi ne ƙudurori nawa ya gabatar, kuma sau nawa ya miƙe a zaure kan matsalar tsaro a jihar.