Yadda Heisenberg Ya Toshe Mini Bashin Shayi a Agege

Akwai wani dattijo mai shayi a bakin layinmu a Agege, Legas. In aljihu ya yi sanyi wurinsa nake zuwa, in sha in ce, "Baba, a rubuta." Littafin bashinsa bayan kwalin madara ne, sunana kuwa ya ci rabin kwalin.

Ran nan na sauko daga danfo, gosulon Oshodi ya gasa ni, na baje takarduna a kan teburinsa. Yana soya ƙwai ya leƙo ya ce, "Ɗan boko, waɗannan ƙugiyoyin fa?" Ni kuwa da ma mai saurare nake nema.

Na ce, "Baba, 3 sau 5 da 5 sau 3 duk 15 ne ko?" Ya ce ko jikansa ya san wannan. Na ce to a duniyar ƙwayar zarra ba haka abin yake ba. A 1925 atishawa ta kori wani matashin Bajamushe, Werner Heisenberg, zuwa tsibirin Helgoland, can ya fito da lissafin da A sau B daban, B sau A daban. Shi kansa abin ya dame shi, sai maigidansa Max Born ya gane ai lissafin matiriks ne, wato na lambobin da aka jera a jadawali. Wurin da ilektiron (ɗan mitsitsin da ke cikin ƙwayar zarra) yake, wato q, da ƙarfin tafiyarsa, wato p, haka suke: in ka ɗebe qp daga pq ba sifili za ka samu ba, wata 'yar ragowa da ake rubutawa h/2πi ke saura. 'Yar ragowar nan ita ce tushen dokar rashin tabbas ta 1927: ka matsa sai ka san wurin daram, ƙarfin tafiyar ya kuɓuce maka. Har a dutsen kabarin Born da ke Gottingen a Jamus an rubuta lissafin.

Baba ya ajiye cokali. "Wato abin da aka fara yi shi ke da magana?"

Na ce, "Sak, Baba!" Har na fara jin kaina farfesa.

"To madalla. Ashe sha sannan biya, da biya sannan sha, ba ɗaya ba ne." Ya miƙa hannu ya janye kofin da ya riga ya turo gabana, har da burodin da na fara yaga. "Daga yau mun juya lissafin."

Na ce, "Haba Baba, ai wannan doka ta ƙananan abubuwa ce, waɗanda ido ba ya gani."

Ya ce, "Yaro, kuɗinka ma ido bai taɓa gani ba."

Wani mai gadi da ke gefen benci ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.