Don Allah a daina goge tsofaffin kwabbai da lemun tsami

Jama'a, akwai ɓarnar da muke yi da hannunmu muna ganin gyara ne. Mutum zai tsinci tsohon kwabo mai huji a ƙasan adakar kakarsa, ko a gona bayan an yi huɗa, ya ga ya yi baƙi-ƙirin da ɗan kore-kore a gefe. Sai ya nemo lemun tsami da toka, wani ya jiƙa shi a ruwan tsamiya da gishiri, wani ya sa Brasso da soson ƙarfe. Kafin la'asar kwabo ya yi ja wur yana ɗaukar ido, ana ta sa albarka. Ni kuwa in na ga haka raina ɓaci yake, domin abin da aka kankare ba datti ba ne.

Tagulla haɗi ce: mafi yawanta jan ƙarfe, sai ɗan kuza da tutiya. Shekara da shekaru iska da danshi suna taɓa ta, sai samanta ya rikiɗe ya zama wata fata mai santsi, ruwan ƙasa ko baƙa ko kore mai duhu. Fatar nan ba daga waje ta zo ta zauna ba, jikin kwabon ne da kansa ya sauya, kuma ita ke kare abin da ke ƙarƙashi. A kwabon da ya daɗe a ƙasa ma, sau da yawa rubutun a cikin fatar ya rage. Ka narkar da ita da tsami, ka tafi da rubutun, a bar ka da jan faifai mai ramuka kamar fuskar da agana ta ci.

Ku ɗauki kwabonmu mai huji ku duba da kyau. Babu hoton sarkin Ingila a kansa, sai kambi da suna da shekara, da tauraro mai tsini shida a baya. Na farko-farko, tun daga 1907, farare ne, har da rubutun Larabci. Sai a 1952 aka koma buga kwabo da ɗari da anini da tagulla, aka ci gaba da ita a kwabon Tarayyar Najeriya na 1959, har zuwa kwabon 1973 mai hoton rijiyoyin mai, shekarar da naira ta karɓi fam da sule. A jikin wasu na zamanin Turawa akwai ɗan ƙaramin harafi, H ko KN, alamar masana'antar da ta buga su a Birmingham. Sai ka karkata shi ga haske kafin ka gan shi. Shi da shekarar ne ke bambanta wannan kwabo da wancan, kuma su soson ƙarfe ke fara cinyewa.

Wani zai ce ai maƙeran Bida ma goge tagullarsu suke yi. Gaskiya ne. Amma tire da buta kayan ado ne, don ƙyalli aka ƙera su, kuma maƙerin na nan zai sake wani gobe. Kwabon 1952 fa, wa zai sake bugo mana?

Ban ce kowane kore alheri ba ne. Akwai wanda ciwo ne na gaske, kuma shi ya kamata mu ji tsoro. Alamarsa kore mai haske, gari-gari, yana tasowa tabo-tabo. Ka taɓa shi da tsinken sakace ya zube, ka ga rami a ƙarƙashi. Asalinsa gishiri ne. Sinadarin kuloraid da ke cikin ƙasa ko gumin hannu yana shiga jikin jan ƙarfen ya kwanta. Da ya samu danshi da iska sai ya haifar da asid, asid ya ci sabon wuri, a sake samun wani kuloraid ɗin, abu ya yi ta zagayawa har kwabo ya rududduge. Shi ya sa za ka ga kwabo lafiya lau duk tsawon hunturu, amma ana shiga tsakiyar damina sai garin ya ɓullo. To ku duba, mai wannan ciwon ne ake jiƙawa a ruwan gishiri da sunan magani.

Abin da ya dace ba shi da tsada, haƙuri kawai yake so. A jiƙa kwabon a tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota. A kula, ruwan zalla nake nufi, ba asid ɗin batir ba, don masu sayarwa kan kira su da suna ɗaya. Ruwan famfo da na rijiya suna da nasu gishirin, ba za su yi ba. A riƙa sauya ruwan bayan kwana ɗaya ko biyu, makonni ana yi, ƙasar da ta manne tana laushi da kanta. A ɗaga ta da tsinken itace da buroshin haƙori mai laushi, ban da allura, ban da reza. In an gama a busar da shi sosai, har danshin cikin ramukan ya fita, kafin a shafa masa komai. Masu aikin gidajen tarihi kan rufe da kaki na musamman, irin Renaissance Wax da aka samar a gidan tarihin Birtaniya. Amma rufe kwabon da ciwonsa bai mutu ba ɓoye matsala ne kawai, zai ci gaba da ci ta ciki. Man gyaɗa da man zaitun da wasu ke jiƙawa a ciki ma ban yarda da su ba: suna da ɗan tsami, suna baƙanta kwabo, kuma fitar da su daga ramuka aiki ne.

In garin ya dawo bayan wanki, nan aikin gida ya ƙare. Ƙwararru na da magungunansu, kamar benzotiriyazol, amma guba ne, ba abin taɓawa da hannu a tsakar gida ba. Kafin a samu wanda ya iya, a ware mai ciwon daga sauran, a sa shi a kwalba mai murfi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Muddin wurin a bushe yake, ciwon tsayawa yake yi. Kada a nannaɗe shi a leda mai laushi, irinta kan fitar da kuloraid in ta tsufa. Ambulan ɗin takarda ya fi. In za a ɗauka a riƙe ta gefe.

Wanda kuma ya tono nasa daga ƙasa, musamman in da yawa ne a tukunya ko a tsohon kufai, ya rubuta inda ya same su, ya ɗauki hoto tun da ƙasarsu a jiki, ya nuna wa ma'aikatan gidan tarihi mafi kusa da shi, kamar Gidan Makama a Kano, kafin ruwa ya taɓa ko ɗaya.