Wa zai tsaya wa ɗan wucin gadi?

Makon jiya ɗan yayata ya dawo gida da rana tsaka daga masana'antar da yake aiki a nan Zariya, ya ce an sallame shi tare da abokan aikinsa biyu. Laifinsu shi ne sun zagaya da takarda suna rubuta sunayen masu son a kafa ƙungiyar ƙwadago, bayan da inji ya datse wa wani yaro yatsu biyu, aka ba shi kuɗin magani aka ce ya je gida ya huta. Shekara uku ke nan ɗan namu yana tsayuwar awa goma sha biyu a gaban inji, amma har ranar da aka kore shi sunansa ɗan wucin gadi, ba shi da takardar ɗauka aiki balle ya yi zancen haƙƙin sallama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne doka tana bayansu. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta, dokar ƙwadago kuma ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. To amma wanda yake ganin matasa a jere a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa, ina zai samu bakin karanta wa manaja doka?

Mu da muka tashi muna jin kukan jirgin ƙasa a Sabon Gari bai kamata mu manta cewa babu wanda ya ba iyayenmu ƙungiya kyauta ba. A 1945 ma'aikatan reluwe, da Michael Imoudu a gaba, suka ja ragamar yajin aikin gama-gari na fiye da wata guda a kan tsadar rayuwa. A 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. Bayan an buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, Kakuri ta cika da ma'aikata, audugar ƙasar Zazzau da Funtuwa ta samu kasuwa, ƙungiyar ma'aikatan masaƙu kuma ta yi ƙarfin da har ta fitar da Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci NLC, babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, daga 1999 zuwa 2007. Da masaƙun suka durƙushe, sai ƙarfin ya bi su.

Yau yawancin muryar da muke ji ta ma'aikatan gwamnati ce. Ba na raina gwagwarmayar da ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma a tambayi mai ɗura ruwan leda ko mai dakon buhu a kamfanin mai ko ya taɓa ganin wannan kuɗi a hannunsa. Ina kira ga shugabannin ƙwadago na jihar Kaduna da su riƙa zuwa ƙofofin masana'antu lokacin tashi daga aiki, su karɓi sunayen yaran nan da kansu, su kuma tanadi lauya tun kafin a fara kora, domin wanda ya fara ɗaga takarda shi ake fara sallama.

Takardar tana nan a aljihun ɗan yayata, da sunayen mutum ashirin da uku, kuma jibi zan raka shi ofishin ƙwadago a Kaduna.