Mai sharhin fosta

To, su wane an tashi da sharhi. Wai fim ɗin Khartoum na 1966 babu son kai a cikinsa, wai masu ganin aibinsa neman suna kawai suke yi. Mun gani, kuma mun san inda aka dosa. Wanda iyakar kallonsa fosta, ai sharhin fosta zai rubuta.

Bari a yi masa karatun kyauta, tunda girman kai ya hana shi tambaya. Ba a auna son kan fim da daɗin kiɗa ko yawan dawakai. Takarda ake samu a raba ta gida biyu, a ajiye agogo a gefe. Duk sanda Janar Gordon, Baturen Ingilan da dakarun Mahdi suka yi wa ƙawanya a birnin Khartoum, ko wani Bature ya buɗe baki a rubuta mintocin a gida ɗaya, duk sanda ɗan Sudan ya yi magana a rubuta a ɗayan. Sannan a duba gidan na biyu: cikin masu maganar, nawa ne ke da suna, nawa ne aikinsu ihu da ɗaga mashi? Inda sababbin hannu ke faɗuwa shi ne ƙirga fuskoki. Dubban baƙaƙen fata a filin daga ba wakilci ba ne in babu mai ra'ayi a cikinsu.

Daga nan sai a tambayi wa ya fito a matsayin wa. Charlton Heston ne Gordon. Mahdi Muhammad Ahmad, jagoran boren Sudan, ɗan masassaƙin jirgin ruwa daga yankin Dongola, Laurence Olivier aka shafa wa baƙin kwalli ya fito a madadinsa. Baƙar fatan da aka ba rawa mai ɗan kauri, Johnny Sekka, hadimin Gordon ya fito. Wannan ma fosta ba ta nuna masa ba?

Babban aikin shi ne ɗora fim a kan tarihi, a ware abin da aka ƙara da abin da aka yanke. Gordon da Mahdi ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, wasiƙu suka yi ta musaya, amma marubucin, Robert Ardrey, ya zaunar da su a tanti guda. Mutuwar Gordon a kan matakala ranar 26 ga Janairu 1885 kuwa, daga zanen George Joy na 1893 aka kwaso ta. Abin da aka yanke ya fi ciwo. Tun 1821 Sudan take ƙarƙashin mulkin Turkawan Masar da harajinsu mai karya baya, shi ya sa jama'a suka amsa kiran da Mahdi ya yi daga tsibirin Aba a 1881. Cire wannan, sai mabiyan su zama taron mahaukata marasa dalili. Kiran nan har Adamawa ya kai, inda Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi mubaya'a. Shi kuma Gordon, wai gwarzon yaƙi da bauta, a 1884 ya yi shelar cewa ba za a taɓa masu bayi ba, ya kuma nemi a ba Zubairu, babban dillalin bayi, mulkin ƙasar.

Hujjar mai sharhin ɗaya tilo, wai fim ɗin ya caccaki Firaministan Birtaniya Gladstone, saboda haka adali ne. Haba! Bature ya soki Bature kan jinkirin tura dakarun ceto, waɗanda suka iso kwana biyu bayan faɗuwar Khartoum, shi ne adalci ga Sudan? Wallahi wannan rainin hankali ne, kuma a gaban jama'a ake yi mana shi. Babu wanda ya ce a ƙone fim ɗin. Mu ne ma muka fara faɗin cewa ya nuna Mahdi yana fushi da aka kawo masa kan Gordon, lokacin da mai sharhin fosta bai san akwai wurin ba.

Fim ɗin ya haura awa biyu. A zauna a kalle shi har ƙarshe da takarda da agogo, a kawo mana lissafin gida biyun, sannan a kira mu 'yan neman suna.