Ƙara mai ba gyara ba ne: yoyon silindar tsohuwar tarakta a Ingila da a gida

A gonakin Lincolnshire da ke gabashin Ingila, inda nake aiki, ba abin mamaki ba ne ka ga tarakta da ta haura shekara 50 tana ɗaga damman ciyawa da kashin shanu da bokitin da aka ɗaura mata a gaba. Galibi Massey Ferguson 135 ce ko 165, irin waɗanda masana'antar Banner Lane ta Coventry ta fara fitarwa a 1964, da injin Perkins na Peterborough a cikinsu. Masana'antar ta daina ƙera tarakta tun ƙarshen 2002, amma abin da ta ƙera yana nan yana tashi kowace safiya. Mu kuwa a gida, tarakta 'yar shekara biyar ko shida sai ka tarar da ita a yashe a wata haraba, tayoyi sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta. Alhali dangi ɗaya ne. Jajayen 375 ɗin nan da ke kai-komo a Kura da Kadawa, da yawansu kamfanin Millat na Lahore a Pakistan ne ya haɗa su da lasisin Massey Ferguson.

Na daɗe ina juya wannan bambanci a raina, kuma inda na tsaya shi ne a kan yadda kowane ɓangare yake ɗaukar ƙaramin yoyo. Manomin nan da ya ga mai ya jiƙa bakin silinda zai sa ranar kwance ta. Mu kuma sai mu sa galan ɗin mai a bayan kujerar direba.

Gaskiya ne taraktocinmu ba su cika ɗaukar bokitin gaba ba, aikinsu garma da haro da jan tirela. Amma silindar da ke ɗaga hannun loda, wato hannun da ke riƙe da wannan bokiti, ita ce dai a jakin tifa, ita ce a tirelar da ke juye taki, ita ce a felodar da ke loda yashi a bakin kogi, ita ce a sitiyarin taraktar kanta. Bututun ƙarfe ne, da fistin a ciki, da sanda mai sheƙi da ke shiga tana fita ta wani murfi a bakinsa. Famfo yana turo mai da matsin da yakan kai 170 zuwa 200 a awon matsi da ake kira bar, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar biyu da 'yan kai ba. Fistin mai faɗin milimita 60 a irin wannan matsi yana tura kusan tan biyar. Duk wannan ƙarfi, abin da ke tsare shi 'yan zobban roba ne da ba su cika tafin hannu ba: sil na fistin da ke hana mai tsallakawa ta ciki, sil na sanda da ke hana shi fitowa waje, da wata roba a can bakin murfi wadda aikinta kawai ta share ƙura daga jikin sanda kafin ta koma ciki.

Wannan ta ƙarshen ita muka fi rainawa, ita ce kuma ƙasarmu ta fi bukata. Sandar da ta jiƙe da mai, ta fito cikin ƙurar hunturu ko ta gonar da ake haro, ta koma ciki da yashi manne a jikinta, to kowace shiga da fita tana cin robar tana kuma kartar ƙarfen. Yashin ba ya tsayawa a silinda. Yana bin mai ya koma famfo da bawul. A tsofaffin Massey, man haidirolik shi ne na giya da na akselin baya, wuri ɗaya suke sha, don haka idan daga nan aka ja wa loda ko tirela mai, duk abin da ya zube daga cikin giya ya fita, duk dattin da ya shiga kuma can zai sauka. Wanda ya ƙi sayen roba yau, famfo zai saya baɗi.

Wani kawuna yana da tarakta da yake bayarwa haya. Da na ga hoton jakin tirelarsa ya yi baƙi ƙirin da mai da ƙasa, na ce masa, "Kawu, wannan jakin ai yana son a buɗe shi." Ya ce, "Kai ɗan nan, damina ce fa. Mutane sun yi layi da kuɗinsu a hannu, in ajiye mota saboda ɗigo? Bari a sauke aiki tukuna." Ban ga laifinsa ba a ranar. Lokacin shuka gajere ne, wuni ɗaya da tarakta ta yi a tsaye asara ce gare shi da masu jira. Damuwata ita ce aikin yakan sauka, kaka ta zo ta wuce, rani ya ƙare, ba a buɗe jakin ba, sai ruwan farko ya sauka a tuna da shi. A nan Ingila manomi ya mayar da watannin sanyi lokacin gyara. Gona ta jiƙe ba ta shiguwa, rana gajeriya, sai ya ja tarakta cikin rumfa ya bi duk abin da ya lura da shi tun bazara.

Lissafin ma ba ya goyon bayan galan. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, a aikin awa takwas, ya kusa lita ɗaya da rabi. Cikin mako biyu bokitin lita 20 ya tafi ƙasa. A nan setin robar silinda ɗaya galibi bai kai kuɗin wannan bokitin ba. Da tsadar man ta ishe mu kuma sai mu koma zuba baƙin man da aka juye daga inji, mai cike da toka da garin ƙarfe, mu ƙarasa abin da ya rage.

Gyaran kansa ba wani sirri ba ne, na kuma ga wani dattijon makiyayi a nan yana yinsa shi kaɗai da kayan aikin da kowane gareji a Kano yake da su. Ya sauke bokiti ƙasa, ya kashe inji, ya kaɗa liba gaba da baya har matsin ya fita. Kafin ya taɓa ko noti ɗaya sai da ya wanke wajen silindar tas. Ya kwance tiyo, ya toshe bakinsu ya ɗaure da leda. Murfin bakin kuwa ya sassauta shi tun silindar tana jikin loda, domin a nan take da abin da zai riƙe ta. Da ya zaro sandar, bai kama jikinta da komai ba. Ya zura ƙarfe ta idon da ke ƙarshenta ya dafe, sannan ya kwance babban notin fistin da dogon sifana. Ya shimfiɗa kwali mai tsabta a kan tebur, ya jera kowane abu yadda ya fito, ya ɗauki hoto da waya don kada ya manta wace roba ke fuskantar ina. Sai ya bi jikin sandar da farce a hankali, daga sama har ƙasa. Inda farcen ya ɗan maƙale ya goge da samfefa mai laushi sosai da mai. Ya ce mini duk inda farce ya kama, nan sabuwar roba za ta yage.

Tsofaffin robobin ya ciro su da ɗan tsinken tagulla, don sukudireba na kartar ramin da suke zama. Sababbin ya jiƙa su a ruwan zafi su yi laushi, ya naɗe haƙoran sandar da salatif kada su yanka su wajen shiga, ya shafa mai, ya sa leɓen kowace sil yana kallon ɓangaren da mai ke turowa. Ya ɗaure notin fistin tam da ɗan gam na noti, domin idan ya kwance a ciki fistin ya rabu da sanda ke nan. Bayan ya mayar da komai, ya ɗaga hannun lodar ya sauke sau da yawa ba kaya, iska ta fita, ya duba mai ya cika.

A tuna yadda ake yin wannan aiki a gindin bishiya a gida. Murfi da guduma da cizal ake buɗe shi. Sanda mai sheƙi a kama ta da sifanar masu famfo mai haƙora, ta bar tabo a daidai inda roba za ta bi. A ajiye ta a kan yashi. A wanke fistin a gwangwanin da aka wanke kayan inji uku da fetur ɗin cikinsa. Idan ba a sami robar da ta dace ba, a yanko tsohon tiyub, ko a naɗa zare a cike gibin. Mako biyu yoyo ya dawo, mai mota ya ce makanike ya cuce shi, makanike ya ce roba jabu ce, daga nan kowa ya yanke cewa silinda ba ta gyaruwa.

Ba na yarda da masu cewa hannun makanikanmu ne bai kai ba. Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ya ga abin da ake fiƙewa da abin da ake waldawa, ya san akwai gwanintar da ta fi ta garejoji da yawa a nan. A Ingila kuɗin awa ɗaya na makanike yana da tsadar da ke sa a jefar da silinda sukutum a sayi sabuwa, ko da kuwa sanda kawai ta lalace. Matasan garejin dillalai da yawa sun fi sanin kwamfutar tarakta a kan injin fiƙe ƙarfe. Manoman nan ma kuma suna da nasu sakacin: a bar loda a waje sanduna a miƙe cikin ruwan sama da kashin shanu har tsatsa ta huda kurom ɗin, wato rufin nan mai sheƙi na jikin sandar. Mai fiƙe ƙarfe na Panteka, in ka ba shi sabuwar sanda mai kurom, zai yanka ta daidai, ya fitar da haƙora, ya walda tsohon idon a kai, silinda ta koma sabuwa. Abin da ya rasa tebur ne mai tsabta, da ma'auni, da robar da ta dace, da oga wanda ya koya masa tun yana yaron shago cewa ƙwayar yashi ɗaya ɓarna ce.

Akwai kuma ciwon da ake ɗora wa silinda alhali ba nata ba ne. Idan bokiti yana sauka da kansa a hankali, ba a kuma ga mai a waje ba, nan take sai a ce sil na fistin ne. Sau da yawa bawul ɗin liba ne ya ci, yana sakin mai ya koma tanki. Silindar da ke ɗaga hannun loda, in dai ƙofofinta biyu a toshe suke, ko robar fistin ta lalace sandar ba za ta yi ta nutsewa ba, domin man ba shi da inda zai je ya ba ta wuri. Makanikan nan sukan gwada kafin su kwance, su ware silindar daga bawul su ga wane ne ke saki. Rashin wannan gwaji ke sa a sauya roba sau biyu ciwo na nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗarin. Ina ganin bidiyon yara suna shafa tiyo da hannu suna neman inda yake tsiyaya inji na aiki. Man da ke fita ta hudar da ba ta fi tsinin allura ba yana ratsa fata ya shige cikin nama. Waje sai ka ga ɗan tabo, ciki kuwa naman yana mutuwa, kuma in ba a yi aikin tiyata cikin 'yan awanni ba ana iya rasa yatsa ko hannu. A nan da guntun kwali ake neman yoyo. Haka kuma ba mai shiga ƙarƙashin bokiti ko bodin tifa da aka ɗaga sai an tokare shi da ƙarfe. Mai ne kawai ke riƙe da wannan nauyi, kuma silindar da ake shirin gyarawa ita ce wadda aka riga aka san tana saki. Oga da ya tura yaronsa ƙarƙashin tifa ba tokari ya ɗauki alhakin rai.

Sauran maganar ta kasuwa ce. A garin da ke kusa da mu akwai shagon da ba ya sayar da komai sai kayan haidirolik. Ka kai tsohuwar roba ko murfin kansa, a auna abu uku, faɗin ciki da faɗin waje da kauri, a ɗauko maka daidai. Suna kuma tambaya ko awon inci ne ko na milimita, domin tsofaffin injunan Ingila da inci aka ƙera su, kuma bambancin da ido ba ya gani ya isa ya sa yoyo. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kusan ba abin da ba za ka samu ba, amma sau nawa mai shago ke kara tsohuwa da sabuwa a ido ya ce maka, "Alhaji, zai shiga"? Robar ma wani lokaci ta shekara a rataye cikin zafi har ta bushe kafin a saya.

Mun taɓa haɗa tarakta da kanmu a masana'antar Steyr ta Bauchi, gwamnatoci kuma ba su daina sayo sababbi suna jerawa a filin taro ba. Ina so in ga ranar da duk kwangilar sayo tarakta za ta zo da setin roba da tiyo da matatar mai na shekaru, da horar da makanikan garuruwan da za a kai su. Amma ba sai an jira gwamnati ba. Matashin da ya fito daga kwalejin fasaha, ko yaron shagon da aka yaye, zai iya buɗe wurin da ba ya yin komai sai silinda da tiyo a Kura ko Funtuwa ko Maraɗi. Masu tifa da feloda da injin girbin shinkafa da taraktocin haya duk abokan cinikinsa ne. Jarin farko ɗaki ne mai daɓen siminti da ƙofa, tebur, ma'aunin milimita, sifanar murfi, akwatin robobi a inuwa kowace da lambarta, da yarjejeniya da mai fiƙe ƙarfe ɗaya wanda zai riƙa yanka masa sanduna.