"Madalla" kaɗai ba ta koya wa yaro kimiyya

Duk wanda ya taɓa leƙa bajekolin kimiyya na 'yan makaranta, a firamare ko a CEG (ƙaramar sakandare), ya san yadda ranar take tafiya. A jera tebura a farfajiya, kowane yaro ya tsaya bayan abin da ya haɗa, manyan baƙi su bi layi suna gyaɗa kai. Wanda ya kawo gidan kwali mai fitila a ciki a ce masa "madalla, injiniya!" Wadda ta kawo kwalabe uku na ruwan tafki, biyu ba su washe ba, a ce mata "kin yi ƙoƙari", a wuce. Kowa a Damagaram ya san abin da "kin yi ƙoƙari" take nufi a irin wannan wuri, jaje ne. Yaron nan da yarinyar nan duk sun koma gida ba wanda ya ƙaru da komai, kuma a ganina mai kwalaben ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, don ita ce ta gwada wani abu.

Ba cewa nake a daina yabon yara ba. Yaron da aka kushe a gaban abokansa da wuya ya sake kawo wani abu baɗi. Maganata ita ce yabo ya kama suna, ya nuna wa yaro daidai wurin da ya yi kyau, sannan tambaya ta biyo baya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamin allo ba ya duban rubutu ya ce "ya yi" kawai, yatsa yake ɗorawa a kan harafin da aka karkace. Baduku idan yaronsa ya kawo ɗinki, zare yake ja ya nuna masa inda ya saki. A Amurka, masu bincike biyu, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun wallafa a 1998 cewa yaran da aka yaba wa da "kana da ƙwaƙwalwa" sun fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, kuma sun fi karaya idan suka faɗi, fiye da waɗanda aka yaba wa aikin da suka yi. Yaron da aka naɗa wa rawanin "injiniya" tun yana CM2, ajin ƙarshe na firamare, zai riƙa tsoron duk gwajin da zai iya tuɓe masa shi.

Amma malami ko uba ba zai iya yin tambaya mai amfani ba sai ya san inda kowane gwaji yake lalacewa. Mu ɗauki na ruwa, don babu gidan da bai san tsadar ruwa ba a garin nan. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan famfonta daga nesa ake janyo shi, daga Gogo-Machaya da Aroungouza da Ganaram, kuma a ƙauyuka da yawa ruwan tafki da na rijiya mai laka ake ɗiba. Tace ruwa da 'ya'yan zogale gwaji ne da ɗan shekara 11 zai iya yi ba tare da an kashe dala ba. A samo busassun 'ya'yan zogale waɗanda suka nuna a kan itace, a ɓare ɓawon, a daka farin ƙwayar ta yi laushi kamar gari, a tankaɗe. Ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya ita ce mafarin awo. A dama garin da ɗan ruwa mai tsabta, a zuba cikin ruwan lakar, a juya da sauri kamar minti ɗaya, a juya a hankali minti biyar, a ajiye awa ɗaya zuwa biyu kada a taɓa. Akwai wani sinadari a cikin ƙwayar da yake janyo ƙananan ƙwayoyin laka su dunƙule, su yi nauyi, su kwanta a ƙasa.

Inda yara suke tuntuɓe sananne ne. Wani ya daka har da ɓawo, wani ya bar garin da tsakuwa-tsakuwa, wani ya yi amfani da garin da aka daka tun makon jiya. Mafi yawa kuma suna ganin idan ƙwaya ɗaya ta yi aiki, biyar za su fi, sai ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, ya kwana ya fara wari. Ga kuma ɗaukar kwalba daga gida zuwa makaranta a bayan babur, lakar da ta kwanta ta sake tashi. Babban kuskuren da ya fi waɗannan duka shi ne rashin kwalbar shaida, wato wadda aka cika da ruwan tafkin nan ɗaya, a lokaci ɗaya, ba a sa mata komai ba. Ruwan laka ko an bar shi haka nan yana ɗan kwantawa. In babu kwalbar da za a gwada da ita, ba wanda zai iya cewa zogale ne ya yi aikin ko zaman awa biyu ne.

To me za a ce wa yarinyar da kwalabenta biyu ba su washe ba? A fara da abin da ta yi daidai, a kira shi da sunansa: "Yarinyata, kin ajiye kwalba ɗaya ba ki sa mata komai ba, wannan shi ne aikin mai bincike." Sannan: "Ƙwaya nawa kika sa a ta biyu, nawa a ta uku? Me kike gani ya sa mai yawan ta fi duhu?" Sannan a bar mata hanya ɗaya ta aunawa, don "ya washe" da "bai washe ba" magana ce ta ido, kuma ido yana son mai shi. A zana gicciye baƙi a farar takarda, a ɗora gorar roba da aka yanke wa kai a bisa, a riƙa zuba ruwan a hankali ana leƙawa ta sama har gicciyen ya ɓace, a auna tsayin ruwan da santimita. Ruwan da ya ɓoye gicciye a santimita 4 da wanda sai a 25 ya ɓoye shi, yanzu akwai lamba tsakaninsu. Abu ɗaya kuma wajibi ne malami ya faɗa da babbar murya: washewa ba tsarki daga cuta ba ce. Zogale yana rage ƙwayoyin cuta amma ba ya kashe su duka, saboda haka ba a ba baƙi su kurɓa don nuna bajinta.

Tukunya cikin tukunya, wadda ake sanyaya kayan lambu a cikinta, ita ma tana yawan zuwa bajekoli. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, maƙwabtanmu ta kudu, shi ya yaɗa ta har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tukwanen ƙasa biyu ne, ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai kauri kamar santimita 2 zuwa 3, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa yana tsatsowa ta jikin babbar tukunya, iska ta busar da shi, busarwar ce take janye zafi daga ciki, kamar dai randar da ke gindin bishiya. A nan ne son ado yake yi wa yara illa. Sau da yawa za ka ga an shafe tukunyar waje da fenti mai sheƙi don ta burge alƙalai, fentin ya toshe ƙofofin da ruwa yake bi, sanyi ya tafi. Ko a ajiye ta a kusurwar aji an rufe tagogi, babu iskar da za ta kaɗa. Lokaci ma yana da tasiri: a watan Afrilu da iska take a bushe tana aiki sosai, idan damina ta sauka iska ta yi laima, sai ƙarfinta ya ragu. Alƙalin da ya san wannan ba zai ce "tukunyarka ba ta yi sanyi ba" ya wuce ba. Zai ce: "Ɗana, kawo wata marar fenti ka ajiye kusa da wannan, ka auna zafin cikinsu da na waje da ƙarfe 8, da ƙarfe 1, da ƙarfe 5, kwana biyar a jere. Ka sa tumatir biyar a kowace, biyar a faranti, ka rubuta ranar da kowane ya fara laushi." Ma'aunin zafi guda ɗaya ya ishi aji gaba ɗaya idan aka yi karɓa-karɓa.

Batirin lemun tsami kuwa shi ne sarkin ba da kunya ranar taro. Lemu ɗaya da aka soka wa ƙusar kwano mai farin shafi da guntun wayar tagulla yana ba da abin da bai kai volt 1 ba. Ƙaramar fitilar LED ja tana bukatar kusan volt 2, don haka sai an jera lemu uku ko huɗu, tagullar wannan a haɗe da ƙusar na gaba. Doguwar ƙafar fitilar tana bin ɓangaren tagulla, in aka juya ta ba za ta kama ba. In ƙusa da tagulla suka taɓa juna a cikin lemun, an gama. Ƙwan tocila irin na da ba zai taɓa kamawa ba ko lemu goma aka jera, don wutar ba ta da ƙarfin ɗaukarsa. Kuma ko komai ya yi daidai, hasken ɗan mitsitsi ne, ba a ganinsa a ranar Damagaram sai an kifa kwali an leƙa. Yara nawa aka ce wa aikinsu ya lalace alhali inuwa kawai ya rasa? Mitar auna wuta irin ta masu gyaran rediyo da salula, idan aka aro ta yini ɗaya, tana raba gardama nan take.

Zoɓo ba ya bukatar dogon bayani. Ruwansa marar sukari yana ƙara ja idan aka ɗiga lemun tsami ko tsamiya, ya koma duhu mai kore-kore idan aka sa kanwa ko ruwan toka. Ɗan CE2, aji na huɗu a firamare, ma zai iya jera kofuna shida ya rarraba kayan madafin gidansu gida biyu: masu ƙara wa zoɓon ja da masu mai da shi kore.

Akwai maganar da ba a son faɗa a fili, ita ce ta aikin da babba ya yi aka ba yaro ya tsaya a bayansa. Injin da aka kai wa mai walda, gidan da wan yaro ɗan jami'a ya haɗa wa waya. Muddin kyan gani ne yake cin kyauta, iyaye masu hali za su ci gaba da sayen nasara, ɗan mai tura kurar ruwa kuma ya gane tun da wuri cewa wannan fage ba nasa ba ne. Maganinsa yana cikin rabon maki. A cikin 20, ni da zan ba da 8 ga kaye, wato littafin da yaro ya rubuta kwanan wata, abin da ya zata zai faru, abin da ya auna, har da ranar da abin ya ƙi. In ba da 6 ga bayanin baki da amsa tambaya, 4 ga adalcin gwaji (abu ɗaya aka canza ko uku a lokaci guda, an maimaita ko sau ɗaya aka yi), 2 kacal ga tsabta da ado. Tambaya ɗaya tana tona aikin aro ba tare da an ci wa kowa fuska ba: "Wane wuri ne ya fi ba ka wahala, yaya ka yi da shi?" Wanda ya yi da hannunsa ba ya rasa amsa, har sai an tsayar da shi.

Bayanin bakin nan kuma a bar yaro ya yi shi da harshen da yake tunani da shi. Yaran da suke haddace jimloli uku na Faransanci su zubo su kamar karatun rediyo, da an tambaye su "don me?" da Hausa sai ka ji ko sun gane ko ba su gane ba. Tun 2025 dokar Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu dalilin rage wa yarinya maki don ta ce "ruwan ya tsatso ya bushe" maimakon kalmar da ke cikin littafi. A koya mata kalmar bayan ta nuna ta fahimci abin.

Wasu malamai za su ce aji mai yara 70 ko fiye ba ya barin a tsaya kan kowa, kuma gaskiyarsu ne. Shi ya sa bai kamata duk magana ta jira ranar biki ba. A raba yara huɗu-huɗu, a ba su mako huɗu, malami ya duba kayen kowace ƙungiya sau biyu kafin ranar: sau ɗaya bayan sun zaɓi tambaya, sau ɗaya bayan awon farko, lokacin da gyara yake da amfani. A duban farko ne ake hana abin haɗari, kamar wutar gida mai volt 220, ruwan batirin mota, da ƙona roba. Masu murhun rana na kwali da takardar alminiyom a gargaɗe su kada su kalli ƙyallin kai tsaye, a kuma gaya musu cewa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 kuma jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, a kan makamashin rana ya yi aikin rayuwarsa. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou da 'yan ajin ƙarshe na lise irin Amadou Kouran Daga za su iya zama alƙalai, in an zaunar da su rabin awa an nuna musu irin tambayoyin da ake so.

A ranar kuma kowane alƙali ya bar layi uku a kayen yaro da hannunsa, ba a takardar maki da za ta tafi ofis ba: abin da aka yi daidai, tambaya ɗaya da ba a amsa ba tukuna, da gwaji ɗaya da za a iya yi a gida cikin mako. Ga mai kwalaben zogale, layi na uku zai iya zama: rabin ƙwaya, ƙwaya ɗaya, ƙwaya biyu, kowace a lita ɗaya, a maimaita sau uku, a kawo lambobin gicciye ranar Litinin.