A Hamburg aka ce wa Baba mai ilimi ne

Makon jiya na raka wani dattijo ɗan zangon Kumasi rajistar ajin koyon Jamusanci a nan Hamburg. Tun a jirgin ƙasa yake ce mini, "Ɗana, ni fa ban yi boko ba, kada a tozarta ni." Ɗakin gwajin ƙarami ne mai ɗumi, an manna manyan haruffa a bango, kowanne da hotonsa, ga matan Afganistan da Eritiriya zaune a benci da jariransu suna jiran layi. Malamar ta miƙa masa takarda da biro, ta ce ya rubuta abin da ya iya, da kowane irin rubutu. Baba ya gyara zama, ya faro daga dama, ya zuba sunansa da na garinsu da ajami, har da wasulla. Ta duba, ta ce ai wannan ya iya karatu, baƙaƙen boko kawai suka rage masa. Wallahi sai da idona ya ciko.

Tun 2005 Jamus ke da wannan kwas na baƙi, ƙarƙashin BAMF, hukumar kula da baƙi da 'yan gudun hijira: awa 600 na harshe, sai awa 100 na dokoki da tarihin ƙasa. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ajinsa daban, yana samun awa 900 ko fiye. A 2017 kuma aka ware aji na musamman ga irin su Baba, waɗanda suka iya wani rubutun da ba na boko ba. Ban ce aljanna ba ce. Ana jira wata da watanni kafin a samu gurbi, wasiƙun ofis kuwa ko ɗan ƙasa sai ya yi gumi, kuma da yawa jarrabawar B1, wato ta matsakaicin matakin Jamusanci, na kayar da su.

Amma a gida me muke yi da mutum irin wannan? Alaramma ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya je banki a miƙo masa tawada ya dangwala yatsa, yaron da bai kai jikansa ba yana yi masa kallon jahili. Kuma ba a ce ba mu taɓa iyawa ba. Mun yi Yaƙi da Jahilci tun kafin 'yancin kai, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980, har UNESCO ta ba ta lambar yabo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ajamin kansa. A 2007 aka cire shi daga ƙananan takardun naira, a 2014 aka cire daga ɗari. Kakata da wannan rubutun take gane kuɗinta a kasuwa, ba wanda ya tambaye ta kafin a goge.